Hutun Bebiya

Asabar, 12 ga Afrilu, 7:20 na safe

Arba'in da ɗaya.

Da wannan lamba zan riƙa buɗe littafin nan, tunda ita nake fara gani kowace safiya kafin in ga fuskar mutum. Ranar da muka kunna na'urar a watan Nuwamba allonta ya nuna kilowat hamsin cif, manyan lardi suka yi tafi, aka ɗauke ni hoto da hular kwano a kan mayafi. A wata biyar bai kamata ta rasa ko ɗaya ba. Ta rasa tara.

Ni na kawo ta. Gara in rubuta wannan tun yanzu, kada gobe in nemi wanda zan ɗora wa. Shekara biyu ina zarya daga ofis zuwa ofis kafin kamfanin Koriya ya yarda ya gwada guda ɗaya a nan Amara, a cibiyar unguwarmu inda ake yi wa yara masu ciwon jini na gado ƙarin jini. Akwatin ƙarfe ne fari, tsayinsa ya ɗan fi ƙofa. Tana shan gas daga tankin bayan gini ta ba da lantarki, ba hayaƙi, ba girgiza, ba ƙara. Saboda rashin ƙarar nan mahaifina ya raɗa mata suna Bebiya, sunan kuwa ya bi ta. Har Dakta Suhad, shugabar cibiyar, haka take rubutawa a takarda.

Na tarar da shi kan kujerarsa ta roba a gefenta, yana juya shayi.

"Ta rame, Ibtihal. Ba kwa ba ta abinci ne?"

"Yaba, injiniya ce ni, ba mai kiwon tumaki ba."

"Inji ma rai gare shi. Wannan dai abin tausayi ce, ko kukan da za ta yi a san ciwonta ba ta da shi."

Na yi dariya don ya ji daɗi. Raina ba daɗi.

Lahadi, 13 ga Afrilu, 2:40 na rana

Arba'in da ɗaya.

Na jona kwamfuta a cikinta na sauke tarihin aikinta. Da abin aika rahoto ya iso, da Koriya sun gani tun satin farko, amma yana tashar jiragen ruwa wata biyar ke nan, wai saura tambari ɗaya. Ni kuma ban sauke da hannu ba ko sau ɗaya. Ina can Bagadaza ina haska hotuna a bango, ina gaya wa masu manyan kujeru cewa cibiyoyi goma sha biyu za su sami irinta kafin shekara ta zagayo.

Na karanta, na sake karantawa. Sau ashirin da biyu an danna jan maɓallin gaggawa an rufe gas. Zafin cikinta ya faɗo daga digiri ɗari bakwai, sannan da la'asar a sake tayar da ita, ta kwana tana hawa, safiyar Asabar in zo in same ta kamar ba a taɓa ta ba. Duk ranar Juma'a ne. Duk wajen sha biyu saura.

Ranar Juma'a cibiya a rufe take. Mutum ɗaya ke da makulli.

Na rufe kwamfutar na je na wanke fuska.

Litinin, 14 ga Afrilu, 7:15 na safe

Arba'in. Ban tambayi Yaba ba.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan magariba

Shekara talatin da ɗaya Yaba na riƙe da janaretan unguwar nan. Gida ɗari biyu da wani abu wayarsa ke shiga. Wutar gwamnati, wataniyya, ta zo awa biyu ta tafi awa huɗu, shi ne a tsakani. Yana da wata 'yar jar fitila da ya haɗa da layin gwamnati. In ta kama, wataniyya ta dawo ke nan, sai ya kashe inji ya huta. In ta mutu, ya tayar. Ko cikin barci hannunsa ya san wannan aiki. Kunnensa na hagu ya mutu a ɗakin injin nan, ƙirjinsa kuma har yau yana kukan man dizal.

Abin da yake alfahari da shi a duniya guda ɗaya ne, kuma duk Amara ta ji shi: Abu Durgam, kamar yadda ake kiransa, bai taɓa kashe inji ba, wato inji bai taɓa lalacewa a hannunsa ba. Na wasu su buga a shekara huɗu, nasa ya yi goma sha tara. Masu janareta daga wasu unguwanni sukan zo su zauna ya koya musu. Yana da littattafai masu koren bango, cike da kwali guda, kowace tayarwa da kowace kashewa a rubuce da ranarta da mintinta.

Da likita ya hana shi shaƙar hayaƙi ya miƙa layukan ga wani, ya zauna a gida yana kallon bango. Mama ta riga ta rasu. Ni na roƙi Dakta Suhad ta ɗauke shi gadin Bebiya, don ya sami dalilin sa takalmi da safe.

Ranar da na kai shi, ga abin da na ce masa, ban manta ko kalma ɗaya ba: "Yaba, wannan ba irin naka ba ce. Kada ka taɓa komai. Ka zauna kawai, in allo ya yi ja ka kira ni."

Ya ce, "Yaya take aiki?"

Na ce, "Yana da wuyar bayani." Wayata tana ringi, na fita.

Washegari ya kawo jar fitilarsa ya ɗaura a bango. Na gani, na yi murmushi, na ce tsoho da kayan wasansa.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da la'asar

Talatin da tara.

Khala Nuriyya, ƙanwar Mama, ta zo yin gurasa a tanderun Mama kamar kowace Alhamis. Ita da Yaba ba sa haɗuwa ba su yi ba. Ta labta karan dabino ta cinna wuta gaba ɗaya, sai ga shi ya fito daga ɗaki ba takalmi.

"Nuriyya, gobara kika zo yi ko gurasa? A hankali ake hura ta. Yumɓu ne, ba ƙarfe ba."

"To sarkin injuna, yau kuma tanderu za ka koya mini? Tun kana wasan ƙasa nake liƙa gurasa."

"Shi ya sa kika fasa uku a gidanki. Wannan shekararta sha shida, ko tsaga babu. In kin gama kuma ki rufe bakinta ta huce da kanta, kada ki yayyafa mini ruwa."

Ta ce Allah ya ji ƙan 'yar'uwarta, ta yi haƙuri da jaraba. Ya ce amin. Suka zauna suka ci gurasar da zafinta, da madarar ɓauna da zumar dabino. Ni na kasa ci, na ce kaina ke ciwo.

Gobe Juma'a.

Juma'a, 18 ga Afrilu, 3:00 na rana

Na bi shi cibiya. Na ce ina da gwaji. Ya ji daɗi har ya sayo mini lemo a hanya.

Muna zaune, sha biyu saura ashirin, jar fitila ta kama. Ya miƙe. Wallahi bai ko yi tunani ba, maganar da yake yi ma bai katse ba, hannunsa ya nufi jan maɓallin.

"Yaba."

"Na'am? Wataniyya ta zo. Ranar Juma'a takan daɗe, ma'aikatu a rufe, ga batir ga firji. Bari ta ɗan sha iska kafin in dawo daga masallaci."

"Wa ya ce ka riƙa yin haka?"

"Sai an ce mini? Ke dai kin ce kada in taɓa, na san tsoro kike in ɓata miki. Amma kwana bakwai dare da rana ba hutu, ko jaki ne ai ya faɗi. Ban gaya miki ba don kada ki ce tsoho ya cika shisshigi." Ya yi 'yar dariya. "Tun Nuwamba nake lallaɓa miki ita."

Ga gaɓar faɗa ta zo har bakina. Na dubi fuskarsa. Irin fuskar da yake yi in ya ɓoye mana alewa a aljihu muna yara.

Na ce, "Yau dai a bar ta. Gwajin yana buƙatar ta ci gaba."

Ya ɗaga kafaɗa ya koma ya zauna. Ya ciro ɗan koren littafi daga aljihun rigarsa, ya lashi fensir, ya rubuta yana karantawa a fili don in ji: "Ba a hutar ba. Umarnin injiniya."

Cikinta faya-fayan tangaran ne sirara, ɗaruruwa, an jera su kan juna. Suna son zafi ya zauna wuri ɗaya shekara da shekaru. In za a kashe ta, yini guda ake yi ana sauke zafin kaɗan-kaɗan. In aka yanke mata gas farat ɗaya, sai su tsage. Bayanin ke nan gaba ɗaya. Layi huɗu. Na ƙirga.

Lahadi, 20 ga Afrilu, 1:10 na rana

Talatin da bakwai.

Dakta Suhad ba ta tauna magana. Ta rufe ƙofar ofis ta ce, "Yara arba'in da bakwai nake yi wa ƙarin jini, Sitt Ibtihal. Yuni na tafe, zafi zai kai hamsin. Firjina zai tsaya ko ba zai tsaya ba?"

Na ce ina bincike.

"Gas ɗin ne? Kin ce in akwai ƙazanta a ciki yana cinye ta. Wannan Abu Tahsin mai tankar, ni dama ban yarda da idonsa ba."

Na ce, "Mai yiwuwa ne."

Mai yiwuwa ne. Ni na faɗa, da bakina. Ta ɗauki waya nan take ta dakatar da shi har sai an auna.

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

Yayana Durgam ya ɗauke ni a tasinsa zuwa kai samfurin gas. Wajen gada na gaya masa. Shi kaɗai na gaya wa.

Ya gangara gefen titi ya kashe mota. 

"To, Injiniya. Duk digirorin nan, ba a koya muku yadda ake yi wa uba magana ba?"

"Na ce masa kada ya taɓa."

"Kin ce wa Abu Durgam kada ya taɓa inji. Madalla. Da kin ce wa kogin Dijla kada ya gangara."



"Ki ji nan," in ji shi. "Mama ta tafi, janareta ya tafi, kunne ya tafi. Abin da ya rage masa shi ne wannan magana tasa, bai taɓa kashe inji ba. In kika karɓe ta, ki haɗa da likkafani. Ki ce gas ne, ki ce zafi ne, ki ce aljanu ne. Koriya suna da kuɗi, su kawo wata."

"In na ce zafi ne, za su rubuta cewa irinta ba ta jure ƙasarmu. Sauran goma sha biyun sun mutu ke nan."

"Goma sha biyun ba su haife ki ba."

Ya tayar da mota. 

Alhamis, 24 ga Afrilu, 7:30 na safe

Talatin da biyar. Ban gaya masa ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

Na sake bin sa. Fitila ta kama, ya dube ni, na girgiza kai.

Yau ransa ya ɓaci da gaske. Ya nuna allo da yatsa.

"Ki duba da idonki. Lokacin da nake hutar da ita, tara ta rasa a wata biyar. Sati biyu da kika hana, ta rasa shida. Wannan lissafin ko ɗan firamare ya iya shi. Ke za ki kashe ta, Ibtihal, da taurin kanki. Kan uwarki kika ɗauko."

Tsaga in ta fara, ci gaba take yi ko an daina taɓawa. Na sani. Na ce, "Ƙila da gaskiyarka, Yaba."

Ya sassauta. Ya dafa kaina ya ce kada in damu, kowa da haka ya koya, shi ma injinsa na farko ya kusa ƙona shi. Ya ce in bar masa ita wata ɗaya kawai in gani.

Na shiga banɗakin ma'aikata na buɗe famfo.

Lahadi, 27 ga Afrilu, 11:00 na safe

Talatin da uku.

Sakamakon gas ya fito, tas yake. Abu Tahsin ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa da takardar a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sitt, sati guda ana nuna ni a gareji ana cewa ina sayar wa yara marasa lafiya gurɓataccen gas. Ni ma ina da 'ya'ya." Na ba shi haƙuri. Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya juya. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Saƙo ya zo daga Koriya. Injiniya Ryu zai iso ranar shida ga Mayu, in tanadar masa tarihin aikinta. A ƙasan saƙon sun manna sakin layin nan na yarjejeniya da na sani a ka: in laifin na'ura ne su canza ta, in hannun mai kula ne ba ruwansu, kuma za su sake duba maganar sauran cibiyoyin.

Talata, 29 ga Afrilu, 2:15 na rana

Na goge tarihin aikinta.

Minti ɗaya bai cika ba. Zan ce zafi ya lalata ma'ajiyar. Ni, da nake tsayawa gaban ɗalibai mata ina ce musu injiniya ba ta da dukiyar da ta wuce gaskiyar lambobinta.

Alhamis, 1 ga Mayu, da azahar

Ashirin da tara.

Wataniyya ta ɗauke tun safe. Dole muka kashe na'urorin sanyaya ɗakin yara don a bar wa firji da injunan gwaji. Iyaye mata suna yi wa 'ya'yansu fifita da kwalin magani, jini na ɗiga a hankali daga leda. Wata mata daga ƙauyen fadama, ta taso tun asuba da 'yarta, ta kama hannun rigata ta ce, "Ke ce mai injin? Allah ya yi miki albarka, 'yata ba ta son ƙarar janareta, takan toshe kunne ta yi ta kuka. Wannan kuwa har barci take yi. Zai gyaru ko?"

Na ce in sha Allahu.

Yaba ya kwaso biyu daga cikin fankokin gidanmu a ka, yana haki, ya jona su a ɗakin yaran.

Juma'a, 2 ga Mayu, da hantsi

Ya shiga wanka ya bar rigarsa a ƙusa. Koren littafin yana aljihu. Na ciro shi, na buɗe. Rubutunsa ƙanana a jere, ya ja layi da rula. Kowace Juma'a: an hutar 11:40, an tayar 3:30. A gefe yakan ƙara 'yar magana. "Ta huce da kyau." "An share mata ƙura." Ranar 3 ga Janairu ya rubuta, "Ibtihal ta fito a talabijin."

Na riƙe shi har na ji ya rufe famfo. Na mayar aljihun.

Na shirya da Durgam, ranar Talata zai kai shi Najaf ziyarar kabarin Mama. Tafiyar yini ce. Kafin su dawo Ryu ya gama.

Lahadi, 4 ga Mayu, 7:20 na safe

Ashirin da shida. A wajen masu shayi ana cewa 'yar Abu Durgam ta kawo akwatin banza, za a kore ta. Khala Nuriyya ce ta kawo labarin, a gabansa ta faɗa, Allah ya shirye ta.

Talata, 6 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru, a jere, sau ɗaya.

Ƙarfe tara muka zauna a ofishin Dakta Suhad, ni da ita da Injiniya Ryu. Mutum ne siriri mai furfura, ba ya son surutu. Da Turanci muke magana. Na ce masa tarihin ya lalace. Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta wani abu. Ya ce faɗuwa irin wannan bai taɓa ganinta ba sai a inda ake yawan kashewa. Na ce ba a kashewa. Ya sake rubutawa.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Yaba ne, cikin farar rigarsa ta Idi da rawani, ya yi aski. Durgam yana bayansa, ya buɗe mini tafukan hannu, alamar ya yi iya yinsa. Ashe sun yi nisa a hanya ya ce a juya, wai matacciya za ta jira, mai rai ce ake shirin yankawa.

Ya yi sallama, ya ba Ryu hannu biyu. Ya ce da ni, "Fassara masa, kada ki rage komai."

Ya ce shi Abu Durgam ne, shekara talatin da ɗaya a kan inji, a tambayi kowa a garin nan. Ya ce ya ji ana so a ɗora wa 'yarsa laifi, to 'yarsa ba ta yi sakaci ba. Ya ce injin nan ya sami kulawar da ko a ƙasar da aka ƙera shi ba zai samu ba, kuma shi ba da baki yake magana ba, da shaida ya zo.

Na fassara wannan duka. 

Sannan ya ciro littafin ya ajiye a kan tebur, ya buɗe, ya juya shi ya fuskanci baƙon. Ya bi layukan da yatsa. "Juma'a. Juma'a. Juma'a. Ashirin da biyu, ko ɗaya ban tsallake ba sai da ita ta hana ni. In akwai kuskurenta, wannan ne kaɗai, kuma ƙuruciya ce. Gaya masa."

Ban gaya masa ba. Bai buƙata ba. Yaba da lambobin Turawa yake rubuta rana da lokaci, tun zamanin da yake kwafa daga mitar inji. Ryu ya jawo littafin, ya buɗe shafi, ya buɗe wani. Ya cire tabarau ya goge. Ya tambaye ni a hankali, "Da wane maɓalli?"

Na ce, "Ja."

"Ya san abin da hakan ke yi?"

"A'a. Ban taɓa gaya masa ba."

"Tarihin kuma?"

"Ni na goge."

Dakta Suhad da Turanci ta yi karatun likita. Ta ji komai. Ta kafa ido a kan tebur.

Ryu ya ce ya yi baƙin ciki, amma abin da ke cikin littafin shi zai rubuta. Ya miƙe, ya riƙe littafin da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya mayar wa Yaba.

"Me ya ce?" in ji Yaba.

Na ce, "Ya ce bai taɓa ganin littafin aiki mai tsafta irin wannan ba."

Ya yi murmushi, ya dubi Dakta don ta taya shi. Ba ta ɗago ba. Ya dubi Durgam, Durgam yana kallon silin. Ya dube ni. Na ga murmushin yana nan a bakinsa amma ya bar idonsa. Ya sa littafin a aljihu, ya ce to, bari ya bar ma'aikata su yi aikinsu.

Laraba, 7 ga Mayu, 4:00 na yamma

Tun jiya muka fara sauke zafinta, yadda ya kamata, a hankali. Allon ba lamba.

Dakta Suhad ta sa an jawo waya daga janaretan unguwa. Ƙarar ta dawo, tagogi suna kaɗawa. Ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, ofishin lardi na son ganina ranar Lahadi, in zo da katin aikina. Maganar goma sha biyun an ɗage ta, ba a sa rana ba. Sannan ta ce, "Da ni ce, ban san me zan yi ba." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Yaba ya zo aiki kamar kullum. Ya zauna a kujerarsa. Bai yi shayi ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan magariba

Da rana Ryu ya buɗe cikinta. Ban san Yaba yana tsaye a bayanmu ba sai da na ga hannunsa ya miƙo. Ryu ya dube ni, sannan ya ɗora masa faifai ɗaya a tafin hannu. Ya tsage gida uku.

Khala Nuriyya ta yi gurasa ta tafi, yau ba su yi faɗa ba. Na fito tsakar gida na same shi zaune kusa da tanderun, ya shimfiɗa hankici a gwiwa, gutsattsarin a kai. Ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunnensa mai ji.

"Wannan ba ƙarfe ba ne."

"A'a, Yaba."

"Yumɓu ne."

"Irin tangaran ne. Wani irin yumɓu."

"Zafin cikinta nawa?"

"Ɗari bakwai."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana gyaɗawa. Ya ɗora tafinsa a jikin tanderun Mama, da sauran ɗuminta, an rufe bakinta da faranti yadda yake so.

"In na danna jan nan, sanyi ke shiga farat ɗaya."



"Sau ashirin da biyu," in ji shi.

Na durƙusa gabansa na ce laifina ne, ya tambaye ni ranar farko na ce yana da wuyar bayani, na raina shi ne, ban da wani dalili. Na ce ya yafe mini. Kuka ya hana ni ƙarasawa.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na ji sauƙi. Ya nannaɗe gutsattsarin cikin hankici ya ƙulle bakin.

"Da kin ce mini tanderu ce, 'yata," ya ce. "Ai na san tanderu."

Juma'a, 9 ga Mayu, 11:40 na safe

Bai je cibiya ba. Ya ba Durgam makullin da koren littafin, ya ce a kai wa Dakta.

Muna zaune a tsakar gida wataniyya ta zo, fanka ta fara juyawa. Na ga hannunsa na dama ya tashi daga kan gwiwa. Ya kama shi da na hagu ya mayar.